Kashi 40 na Me? Yadda Google Ya Gwada Sanyaya Cibiyoyinsa a Cikin Kwamfuta

A ranar 20 ga Yulin 2016 kamfanin ƙirƙirarriyar basira na DeepMind da ke Landan, wanda Google ya saya a farkon 2014, ya sanar da cewa manhajarsa ta rage wutar da ake kashewa wajen sanyaya ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanan Google da kashi 40 cikin ɗari. Kafin a ce kwabo adadin ya zaga duniya. Har yau da wuya a yi taro kan ƙirƙirarriyar basira da muhalli a tashi ba a ambace shi ba, kuma a bakin masu ruwaya yakan rikiɗe ya koma "Google ya rage shan wuta da kashi 40", maganar da kamfanin bai faɗa ba. Aikin na gaske ne, kuma gwanaye ne suka yi shi. Sai dai wanda ke son sanin abin da kwaikwayon gini a cikin kwamfuta zai iya yi wa muhalli, da inda ƙarfinsa ya tsaya, sai ya bi lamarin tun daga tushe.

Zafin da dole a fitar

Cibiyar adana bayanai wani makeken zaure ne cike da dubban kwamfutocin sabar, jere a kan kantoci, suna aiki dare da rana. Kusan duk wutar da sabar ta sha zafi take komawa, kuma idan ba a kwashe zafin ba injinan za su rage gudu ko su kashe kansu. A irin ginin da wannan lamari ya shafa, ruwa ne ke kwashe shi. Fankoki suna busa iskar da ta fito ta bayan sabar a kan bututan ruwa, ruwan ya ɗebi zafin, injinan turawa su kai shi waje. A can akwai hasumiyoyin sanyaya ruwa, inda ake yayyafa ruwan, manyan fankoki su ratsa shi da iska, wani kaso ya tashi ya bi iska, ragowar ya huce. Dabarar randa ce. Kuma kamar yadda ruwan randa ya fi sanyi a busasshiyar iskar hunturu a kan tsakiyar damina, haka hasumiyar take: aikinta ya dogara ne da yawan laimar da ke cikin iska, ba zafin rana kaɗai ba. Ranar da zafi ya haɗu da laima har hasumiya ta gaza, sai a tayar da injin sanyaya ruwa mai kwamfireso, wanda ya fi komai shan wuta a sashen.

Don a san ko gini yana ɓarnar wuta, masana'antar tana da ma'auni guda da ake kira PUE, wanda ƙungiyar The Green Grid ta yaɗa daga 2007. Lissafinsa ba wuya. A ɗauki duk wutar da ta shiga ginin, a raba ta da wutar da kwamfutocin suka sha. Idan ya ba da 2.0, to duk yunit ɗaya da sabar ta sha an kashe wani yunit ɗaya wajen sanyaya da fitilu da asarar da ake yi a taransifoma da batura. Idan ya kusa 1.0, ɓarna ta kusa ƙarewa. Binciken da cibiyar Uptime Institute ke yi ya nuna matsakaicin masana'antar ya kai 2.5 a 2007. Google kuwa ya riga ya sauko zuwa wajen 1.12 a 2014. Ya raba iskar zafi da ta sanyi, ya bar zaurukan sabar sun fi na sauran kamfanoni ɗumi, a Hamina ta ƙasar Finlan ma da ruwan teku yake sanyayawa. Abubuwan da ido ke gani duk an gyara su, adadin ya fara tsayawa wuri ɗaya.

Injiniyan da ya ƙi taɓa bawul

A wancan zamanin Jim Gao injiniya ne a sashen cibiyoyin Google. A lokacin da kamfanin ke ba ma'aikata su yi aikin da ransu ke so, ya ɗauki darasin koyon na'ura (yadda manhaja ke koyo daga bayanai) na Andrew Ng na jami'ar Stanford ta intanet, sannan ya juya kan bayanan da ke taruwa a wurin aikinsa ba mai waiwayarsu. A watan Mayun 2014 aka fitar da takardar da ya rubuta.

Matsalar da ya fuskanta ita ce injinan suna shafar juna ta hanyoyin da ba sa tafiya a miƙe. Ka rage gudun injin tura ruwa don ka tsimi wuta, sai ruwan ya ƙara zafi, fankokin hasumiya su ƙara gudu, ko injin kwamfireso ya tashi, ribar ta koma asara. Ga misali: na'urori 10, kowace da saiti 10, sun ba da haɗe-haɗe biliyan 10. Ba injiniyan da zai gwada ko kaso kaɗan daga ciki a kan gini mai ɗauke da saƙonni da binciken miliyoyin mutane. Kuskure ɗaya, zafi ya haura, sabis ya tsaya. Shi ya sa masu kula da irin waɗannan wurare suke manne wa saitin da suka san ba ya jawo matsala, ko da kuwa yana cin wuta fiye da kima. Ba wauta ba ce. Ba a korar ma'aikaci don ya bar zaure da sanyi.

Hanyar da aka saba bi wajen kwaikwayon irin wannan gini ita ce a rubuta dokokin kimiyyar zafi da gudanar ruwa da iska, a zana kowane bututu da kowace fanka, kwamfuta ta warware lissafin. Hanya ce mai kyau wajen tsara sabon gini, amma tana cin lokaci, kuma ginin da ke kan takarda ba ya tsufa, bututunsa ba ya yin tsatsa, alhali na gaske yana yi. Gao ya bi ta wata ƙofar. Ya bar bayanan ginin su koya wa manhaja halin ginin. Ya zaɓi abubuwa 19: nauyin aikin da ke kan sabar, yawan injinan tura ruwa da ke aiki da gudunsu, yawan hasumiyoyi da injinan sanyaya ruwa da aka kunna, zafin da aka saita wa ruwan da ke fita daga hasumiya, sai kuma zafin waje, laima, ƙarfin iska da inda take kaɗowa. Ya ɗebi awo 184,435, ana ɗaukar kowane bayan minti 5, wato bayanan kusan shekara 2. Ya horar da manhajar da kashi 70 na bayanan, ya ɓoye sauran don jarraba ta. Tambaya ɗaya tak aka koya mata amsawa: idan abubuwan nan 19 suna kaza, PUE zai zama nawa? Kuskurenta ya tsaya a wajen 0.004, abin da Google ya bayyana da daidaito na kashi 99.6.

Da wannan ya samu, sai ya zama akwai gini na biyu a cikin kwamfuta, wato samfurin ginin, wanda za a iya murɗa masa kowane saiti ba tare da an taɓa bawul ko ɗaya ba. Takardar ta kawo amfani uku da aka yi da shi. An gwada ƙara zafin ruwan da ke zuwa zauren sabar da digiri 3 a ma'aunin Farenhait, samfurin ya yi hasashen PUE zai ragu da wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, aka yi a zahiri, aka ga hakan. Na biyu ya zo ba a nema ba: da aka sanya sababbin mitocin iskar gas, sai lissafin gini ya daina dacewa da hasashen samfuri, da aka bincika sai aka tarar karatun mitocin ne ke da kuskure. A ganina wannan shi ne amfanin da aka fi rainawa, domin samfurin da ya san yadda gini ya kamata ya kasance yana tona asirin na'urar da ta lalace tun kafin mutum ya lura.

Na uku shi ne mai ɗauke da darasi. An buƙaci a janye kashi 40 na aikin sabar daga wata cibiya na 'yan kwanaki don gyaran layin wuta. Aka gwada saituna iri-iri a cikin samfurin, aka zaɓi waɗanda suka rage PUE da wajen 0.02 idan aka kwatanta da tsohon saiti. Nasara ce. Amma a lura da abin da ya sa aka damu tun farko: kashe sabar yana ɓata PUE. A ɗauka, don misali, sabar na shan yunit 100, sauran gini 12. Aka kashe wasu, sabar ta koma 60, sauran gini ya sauko 9 kawai, tunda injinan turawa da taransifoma ba sa raguwa daidai wa daida. Wutar ginin ta faɗi daga 112 zuwa 69, amma PUE ya tashi daga 1.12 zuwa 1.15. Ga muhalli wannan rana ce mai kyau, ga ma'auni kuwa rana ce mara kyau. A nan gizo ke saƙar, kuma za mu sake cin karo da shi.

Gao bai ɓoye raunin aikinsa ba. Ya rubuta cewa hasashen yana raguwa da inganci idan PUE ya haura 1.14, saboda ginin bai cika shiga wannan hali ba, bayanan da ke nuna shi kaɗan ne. Samfurin da ya koyi komai daga tarihi ya fi sanin ranakun da aka saba, alhali ranar da ba a saba ba ita ce ake fi bukatar shawara.

Daga shawara zuwa riƙe linzami

DeepMind ya shigo bayan haka. Abin da ya ƙara a 2016 shi ne rukunoni uku na samfura maimakon ɗaya, an horar da su da bayanan dubban na'urorin awo. Rukuni na farko yana hasashen PUE na gaba. Sauran biyun suna hasashen zafi da matsin da za a samu cikin awa ɗaya mai zuwa, kuma aikinsu shi ne su kwaikwayi shawarar da na farko ya bayar, su ga ko za ta tsallake iyakar da aka gindaya. Wato samfuri ɗaya yana neman tsimi, biyu suna tsaron ƙofa. Da aka gwada a cibiya mai aiki, aka sami ragin nan na kashi 40 a wutar sanyayawa, da PUE mafi ƙanƙanta da wurin ya taɓa gani. A shafin kamfanin aka fitar da labarin, da zane guda mai nuna layin PUE yana nutsewa lokacin da aka kunna manhajar, yana komawa sama da aka kashe ta. Ba a faɗi sunan cibiyar ba, ba a kuma saki bayanan da wani na waje zai sake lissafawa da su ba.

A wancan matakin mutane ne ke karanta shawarar su aiwatar da hannu, kuma ma'aikatan sun koka cewa abin yana cin lokacinsu. A watan Agustan 2018 aka sanar cewa manhajar ta karɓi linzami. Duk bayan minti 5 tana ɗaukar hoton halin da sashen sanyayawa yake ciki, ta auna matakai masu ɗimbin yawa, ta zubar da duk wanda ba ta da tabbas a kansa, ta tace ragowar da jerin ƙa'idojin da ma'aikata suka rubuta. Umarnin da ya iso ginin ma sai na'urar wurin ta sake tantance shi, kuma ma'aikaci na iya karɓe iko a kowane lokaci. Tsimin ya fara daga wajen kashi 12, ya haura zuwa wajen kashi 30 cikin wata 9, yayin da bayanai ke ƙaruwa. Kamfanin ya ce da gangan aka ƙuntata mata fili, aka fifita aminci a kan tsimi. Wani ma'aikaci ya ba da labarin yadda ta koyi cin moriyar lokacin sanyi, tana samar da ruwa mai sanyi fiye da yadda aka saba don ta rage aikin wasu injinan. Adadin da aka samu a aikin yau da kullum 30 ne, amma 40 ne ya zauna a bakin mutane.

Lissafin da ba a cika yi ba

A cikin sanarwar 2016 ɗin akwai jimla ta biyu da ba a cika ɗaukowa ba: ragin kashi 40 a sanyayawa ya yi daidai da ragin kashi 15 na duk wutar da ba ta sabar ba, bayan an sa asarar layin wuta da sauransu a lissafi. Mu ɗora wannan a kan matsakaicin Google na 1.12. Cikin yunit 112, yunit 12 ne rarar da ake magana a kai. Kashi 15 na 12 shi ne 1.8. Wato wutar ginin gaba ɗaya ta ragu da wajen kashi 1.6 cikin ɗari.

Kada a raina wannan. A cibiyar da ke jan megawat 100, kashi 1.6 ya kai yunit miliyan 14 a shekara, an same shi ba tare da sayen injin ko ɗaya ba. Kuma a ginin da PUE ɗinsa yake 1.58, matsakaicin da Uptime Institute ta samu a 2023, irin wannan ragi zai haura kashi 5. Amma tsakanin 1.6 da 40 akwai tafiya mai nisa, kuma wanda zai tsara manufa a kan zaton cewa manhaja za ta zaftare kusan rabin wutar cibiyoyin bayanai ya gina ne a kan kuskuren ji.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da ba a tambayi samfurin ba. PUE rabo ne tsakanin adadi biyu, saboda haka duk abin da ya kumbura na ƙasa yana ƙawata sakamako. Ƙananan fankokin da ke cikin sabar ana ƙirga su a wutar kwamfuta. Idan aka bar zaure ya yi ɗumi har suka ƙara gudu, wutar sanyayawa ta ragu, ta "kwamfuta" ta ƙaru, PUE ya yi kyau ta fuska biyu, ko da jimillar ba ta motsa ba. Haka sabar da ke kunne ba ta aikin komai. A 2015 Jonathan Koomey da Jon Taylor sun fitar da binciken da ya nuna wajen kashi 30 na sabar da suka duba a kamfanoni sun yi wata 6 ko fiye ba su yi wani aiki ba. A idon PUE waɗannan duk wuta ce mai amfani. Ma'aunin kuma bai san daga ina wutar ta fito ba: yunit na gawayin kwal da na hasken rana ɗaya ne a wurinsa.

Sai ruwa. Hanya mafi arha ta fuskar wuta ita ce a bar ruwa ya tashi a hasumiya a hutar da kwamfireso. Google da kansa ya ce a 2022 cibiyoyin da ake sanyayawa da ruwa suna shan wuta ƙasa da na iska da wajen kashi 10, kuma cibiyoyinsa sun sha galan biliyan 4.3 a 2021. Cikin abubuwa 19 na Gao babu litar ruwan da ta tashi, kuma abin da aka umarci samfuran 2016 su rage shi ne PUE. Wannan ba hujja ba ce cewa manhajar ta ƙara shan ruwa. Abin da yake nufi shi ne ruwa ba ya cikin abin da ake neman ragewa, duk da cewa The Green Grid ta fitar da ma'aunin ruwa, WUE, tun 2011.

Mutanen garin The Dalles a jihar Oregon, inda Google ya buɗe cibiya a 2006, su ne suka fi sanin nauyin wannan giɓi. A 2021, lokacin da kamfanin ke neman faɗaɗa gininsa, jaridar The Oregonian ta nemi a faɗa mata yawan ruwan da yake sha. Hukumar garin ta kai jaridar kotu, tana cewa sirrin kasuwanci ne. Sai a Disamban 2022 aka sasanta, aka fitar da adadin: galan miliyan 355 a 2021, sama da lita biliyan 1.3, fiye da rubu'in duk ruwan da garin mai mutum wajen 16,000 ya sha a shekarar. Ginin da ake lissafa PUE ɗinsa a kai a kai, har zuwa lamba ta uku bayan ɗigo, sai da shari'a maƙwabtansa suka san ruwan da yake ɗiba.

Da aka fita daga gidan Google

DeepMind ya faɗa tun 2016 cewa kowace cibiya da irin gininta da yanayinta, samfurin da aka horar a wuri ɗaya ba lallai ya yi aiki a wani ba. Wanda ya koyi halin gini a ƙasar sanyi bai san laimar Legas ba, bai san ƙurar hunturun Kano da ke toshe matatar iska ba, sai an sake tara bayanai an sake koyarwa. Da aka kai dabarar wajen Google tare da kamfanin Trane Technologies, rahoton da aka fitar a 2022 ya nuna tsimin wajen kashi 9 a wani wuri da kashi 13 a wani. Marubutan sun yi dogon bayani kan wahalhalun da suka sha, irin su na'urorin awo masu ba da karatu mara kyau da ƙarancin bayanai kan yanayin da ba a saba ba. Gao kuwa ya bar kamfanin, shi da abokan aikinsa suka kafa Phaidra a 2019 don sayar da irin wannan fasaha ga masana'antu.

A cikin Google ɗin ma daga baya an sauya tambayar. A 2020 kamfanin ya fara amfani da hasashen gobe, na yadda wutar layin gwamnati za ta kasance da tsabta awa bayan awa, da na yawan aikin da cibiya za ta samu, don ya tura ayyukan da ba na gaggawa ba, irin su sarrafa bidiyon YouTube, zuwa lokacin da iska da rana ke ba da wuta. A 2021 ya fara tura su daga wata cibiya zuwa wata. Wannan ya fi kusa da abin da muhalli ke bukata, tunda hayaƙi ake nufa kai tsaye, kuma ya taɓa yunit 100 ɗin da ke ƙasan lissafi, ba 12 ɗin da ke gefe ba.

Jimillar kuwa ta bi nata hanyar. A 2010 duk kamfanin Google ya sha wutar da ta kai wajen yunit biliyan 2.26. A 2023 cibiyoyin bayanansa kaɗai sun sha sama da yunit biliyan 24, ƙarin kashi 17 a kan shekarar da ta gabata, ruwan da suka sha ya kai galan biliyan 6.1. Rahoton muhallin da kamfanin ya fitar a 2024 ya ce hayaƙin da yake fitarwa mai ɗumama duniya ya kai tan miliyan 14.3 a 2023, ƙarin kashi 48 a kan na 2019, ya kuma danganta hakan da wutar cibiyoyin bayanai da hayaƙin kamfanonin da ke ƙera masa kaya da gina masa gine-gine. A 2023 ɗin matsakaicin PUE na cibiyoyinsa 1.10 ne.